Zazzaɓi ya tafi, amma maiɗakina ta kasa komawa yadda take

Assalamu alaikum Hajiya. Ni magidanci ne a Zango, a nan Damagaram, ina sayar da kayan gyaran babur. Maiɗakina malamar lakkol ce, ƴaƴanmu uku. A ƙarshen daminar bara ta yi zazzaɓi mai zafi da ciwon gaɓoɓi, aka ce palu ne, daga baya aka ce tifoyid. Zazzaɓin ya tafi, amma ita ba ta dawo daidai ba. In ta share tsakar gida yau, gobe ko jibi ba ta iya ɗaga kai. Tana barci, amma ta tashi a gajiye fiye da yadda ta kwanta. Ta daina zuwa aiki, don in ta tsaya gaban allo jiri ke ɗibarta, kuma tana cikin magana sai ta manta abin da take faɗa. An yi analiz an ce ba a ga komai ba. An yi ƙarin ruwa ba adadi, an yi ruƙiyya, ta sha rubutu. Wani abokina ya ce rashin motsa jiki ne, sai na riƙa fita da ita tattaki bayan asuba. Ba mu daɗe da farawa ba ta kwanta mako guda cur. Abin da ya fi ɗaure mini kai, ta je bikin ƙanwarta a Mirya, kowa ya gan ta tana hira tana dariya, sai da muka dawo da kwana biyu sannan ta zube. Innarmu ta ce son jiki ne, mai ciwo ba ya zaɓen ranar ciwo, ta ce in ƙara aure. Ni ma wani lokaci zuciyata na raya mini haka. Ciwo ne da gaske? In kai ta Yamai ko Kano?

Mai neman mafita, Zango

Wa alaikumus salam, ɗana. Allah ya ba ta lafiya, ya sa kaffara ne, kai kuma ya ƙara maka haƙuri.

Bari in fara da bikin Mirya, tunda shi ne hujjar da aka riƙe a kanta. Abin da Innarku ta ɗauka shaidar ƙarya, shi ne ya fi komai sa ni gaskata yarinyar nan. Mai son jiki tun ranar aikin take noƙewa, kuma abin da ba ta so take gudu. Ba ta zuwa inda ranta ke so ta yi farin ciki, sannan ta jira kwana biyu ta kwanta a ɗaki inda ba mai kallonta. Wannan jinkirin, a yi abu yau, jiki ya rushe bayan awa 12 zuwa 48, ya kuma ɗauki kwanaki ko makonni kafin ya farfaɗo, shi ne babbar alamar wani ciwo sananne da ke biyo bayan zazzaɓi. Likitoci na rubuta shi ME/CFS, a takardun Faransanci kuma za ka ga EM/SFC. Mu ce masa ciwon gajiya mai daɗewa.

Ba a gane ciwo ta wasiƙa, kuma ba zan ce maka tabbas shi ne ba. Amma a 2015 wani kwamitin masana na Cibiyar Nazarin Likitanci ta Amurka ya tace dubban rubuce-rubucen bincike ya fitar da ma'aunin gane ciwon: mutum ya kasa ayyukan da ya saba fiye da wata shida saboda gajiyar da hutu ba ya kawar da ita, jiki ya riƙa rushewa bayan ɗan ƙoƙari, barci ya daina wartsakarwa, sannan a samu ko dai rikicewar tunani da mantuwa, ko kasa jure tsayuwa. Ka sake karanta wasiƙarka. Duk ka lissafa su da kanka, ba tare da ka san akwai wani kwamiti a duniya ba.

Sai dai kafin a liƙa mata wannan suna akwai aikin da ba a tsallakewa. Ka ce an yi analiz. Wanne aka yi? Sau da yawa a wurinmu abin bai wuce a huda yatsa a duba palu, a yi gwajin Widal a ce tifoyid, shi kuwa Widal a ƙasashen da cutar ta zaunu yakan nuna akwai ko da babu, mutum ya yi ta shan maganin da bai buƙata. Ka kai ta wurin likita guda, wanda zai zauna ya saurare ta, ku daina tsalle daga wannan kilinik zuwa wancan. A auna yawan jininta, domin ƙarancin jini ya yi wa matanmu katutu, ballantana mai haihuwa uku. A duba suga, da ƙoda, da ciwon hanta nau'in B, da aikin ƙwayar nan ta wuya wadda in ta kumbura take zama maƙoƙo. A yi gwajin ƙanjamau, ku biyu tare, ba don ana zargin kowa ba. In tana tari, ko zufar dare, ko tana ramewa, a nemi tarin fuka. In autanku bai daɗe da zuwa duniya ba, ko ƙafafunta na kumbura, ko numfashi na yi mata wuya in ta kwanta, a duba zuciya, don raunin zuciya bayan haihuwa ya yi yawa a ƙasar Hausa fiye da mafi yawan sassan duniya. Likitan ya kuma tambaye ta halin da ranta ke ciki, shi da ita kaɗai. Ciwon damuwa na kawo kasala, kuma ana maganinsa. Bambancin da ake yawan gani shi ne mai ciwon damuwa sha'awar komai ke fita daga ranta, wannan kuwa in ka tambaye ta me za ta yi da ta warke, za ta jero maka abu goma. Yawancin gwaje-gwajen nan ana samun su a nan babban asibitin ƙasa na Damagaram. In aka ga ɗaya daga cikinsu, ku gode wa Allah, don kusan duka suna da magani.

In kuwa aka duba da kyau komai ya fito lafiya lau, to ba a wanke ta daga ciwo ba, analiz ɗin ne bai kai wurin ba. Har yau babu wani gwajin jini guda da ke nuna wannan ciwo, ko a Faransa ko a Amurka. Amma masu bincike sun ga abubuwa da ido. Akwai gwajin da ake ɗora mutum kan keken motsa jiki, a rufe masa hanci da baki da na'urar da ke auna iskar da jikinsa ke amfani da ita, ya tuƙa iya ƙarfinsa, washegari a maimaita. Lafiyayye yakan yi kusan abin da ya yi jiya. Masu wannan ciwo kuwa, a rana ta biyu sai a ga ƙarfin da jikinsu ke iya fitarwa ya faɗi, kuma ma'aunin iska ba ya bin son zuciyar mutum. A Holan, a 2020, an auna jinin da ke hawa ƙwaƙwalwa a marasa lafiya fiye da 400, suna kwance sannan aka miƙar da su tsaye. Na lafiyayyu ya ragu da kashi 7 cikin 100, nasu ya ragu da kashi 26. Ka tuna jirin gaban allo da mantuwar tsakiyar magana. A 2024 wasu masana a Amstadam suka yanko ɗan ƙaramin tsokar cinya daga masu doguwar jinyar korona kafin motsa jiki da kuma bayansa, suka ga tsokar ta ƙara lalacewa bayan wahalar. A watan Agusta na 2025 kuma, binciken DecodeME na jami'ar Edinbura, wanda ya duba ƙwayoyin gado na marasa lafiya fiye da 15,000, ya ba da rahoton wurare takwas da suka bambanta da na sauran jama'a, kuma alamunsu na nuni ga garkuwar jiki da jijiyoyi.

Kada ka ga laifin Inna da yawa, ba ita ta fara ba. A 1955 wani ciwo ya kwantar da ma'aikata kusan 300 a asibitin Royal Free na Landan, wasunsu suka shafe shekaru ba su warware ba. A 1970 wasu likitocin ƙwaƙwalwa biyu suka karanta takardun jinyar, ba su duba ko mutum ɗaya ba, suka yanke cewa firgici ne ya bi mata, tunda yawancinsu mata ne. Wannan hukunci ya bi masu ciwon shekara da shekaru, alhali tun 1969 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi cikin cututtukan jijiyoyi. Gaskiya ne ya fi kama mata, kamar uku a kan kowane namiji guda, kuma ina ganin wannan na cikin dalilan da suka sa aka daɗe ana taɓe masa baki.

Yadda yake biyo bayan zazzaɓi ma an bi diddiginsa. A yankin Dubbo na Ostareliya an bi mutum 253 tun daga lokacin da suka kamu da ɗaya daga cikin cututtuka uku daban-daban, aka buga sakamakon a 2006. Bayan wata shida, kusan ɗaya cikin goma bai tashi ba, kuma abin da ya fi nuna wanda zai maƙale shi ne tsananin zazzaɓin farko, ba halin mutum ko raunin zuciyarsa ba. An ga irin wannan a waɗanda suka tsira daga Ebola a Gini da Saliyo da Laberiya, da bayan zazzaɓin dengi da cikungunya, sannan korona ta zo ta jefa miliyoyi cikin halin, har gwamnatin Amurka ta ware fiye da dala biliyan ɗaya don binciken doguwar jinyarta. Mu nan kowane zafin jiki palu ne a bakinmu, alhali a 2023 dengi ta yi ɓarna sosai a Burkina Faso, maƙwabciyarmu.

Yanzu tattakin asuba. Ka daina, daga yau. Abokinka bai faɗi abin kunya ba, don shekaru da yawa likitocin Ingila abin da suke rubuta wa masu ciwon ke nan, a riƙa ƙara motsa jiki kaɗan-kaɗan ko jiki ya so ko ya ƙi. Wani babban gwaji mai suna PACE, na mutum 641, da aka buga a 2011, shi ya ɗaure wa wannan gindi. Marasa lafiyar suka yi ta kukan cewa abin na ƙara kwantar da su, ɗaya daga cikinsu ya yi shari'a har aka tilasta fitar da alƙaluman a 2016, da aka sake lissafi bisa ma'aunin da masu gwajin suka tsara tun farko sai yawan waɗanda aka ce sun warke ya zube ƙasa warwas. A watan Oktoba na 2021 hukumar NICE, mai tsara ƙa'idojin jinya a Ingila, ta ce a daina ba masu wannan ciwo irin wannan motsa jiki. Makon da maiɗakinka ta yi a kwance ya riga ya gaya maka haka.

Zan gaya maka abin da ba za ka so ji ba: babu maganin da aka tabbatar yana warkar da shi. An sha sa rai. A 2009 aka ce an gano ƙwayar cutar da ke kawo shi, XMRV, bayan shekara biyu ta tabbata gurɓatar ɗakin gwaji ce, aka janye rahoton. A Bergen ta ƙasar Nowe wasu likitocin sankara biyu, Fluge da Mella, suka ga kamar maganin rituximab na taimakawa, suka yi gwaji na gaskiya da mutum 151, sakamakon da ya fito a 2019 ya nuna bai fi allurar ruwa ba, su da kansu suka sanar. Saboda haka duk wanda ya ce maka yana da maganinsa sha yanzu magani yanzu, a mota da lasifika yake ko a WhatsApp, kuɗinka yake so. Yamai ko Kano kuwa, ka je in likitan nan ya tura ku don wani takamaiman gwaji da babu a nan. In ba haka ba, doguwar tafiyar mota kaɗai ta isa ta mayar da ita baya, ku dawo da takardun da ke cewa ba a ga komai ba.

Abin da ke hannunku shi ne hana rushewar nan. Kai ɗan Damagaram ne, ka san ranar da famfo ya ƙafe aka sayi jarka guda a hannun ga-ruwa. Matar gida ba ta buɗe ta da wanki. Tana ware na sha, na girki, na alwala, ta bar ɗan saura. Haka ƙarfin maiɗakinka yake a kowace rana, sai dai ita in ta zarce na yau, na gobe da na jibi take kwasa. Dole ku san girman jarkar. Ka saya mata ƙaramin littafi irin na ƴan lakkol. Kowane dare a rubuta abin da ta yi, tsawon lokacin da ta yi a tsaye, wa ya zo, da yadda jikinta yake. Bayan wata guda ku zauna, duk ranar da ta zube ku koma baya kwana ɗaya ko biyu ku ga me ya faru. Za ku yi mamaki. Ba shara da wanki kaɗai ke cin ƙarfi ba. Doguwar hira, hayaniyar yara, kallon waya, ɓacin rai, har masu zuwa dubiya da ke cika ɗaki daga la'asar zuwa magariba, duk a jarkar suke ɗiba. Kai ne za ka tsaya a zaure ka karɓi gaisuwar, ka ce ta samu barci.

Ta tsaya kafin ta gaji, ba bayan ta gaji ba, kuma ranar da ta ji daɗin jiki ita ce ranar haɗari, don a ranar za ta so ta biya bashin aikin mako guda. Duk abin da za a iya yi a zaune ta yi shi a zaune: wanka a kan kujera, yankan albasa a kan tabarma. Daka da surfe da ɗaukar ruwa su fita daga hannunta gaba ɗaya. Zafi na tsananta ciwon, don haka a watannin bazara abin da za ta yi ta yi shi da sanyin safiya. Salla ma Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce wa Imrana ɗan Husaini ya yi a tsaye, in bai iya ba a zaune, in bai iya ba a kan gefensa, yana cikin Buhari. Azumi kuwa Alƙur'ani ya yi wa mara lafiya sauƙi, ku tambayi likita da malami tun kafin watan ya kama.

Akwai ɗan gwajin da za ka iya yi a ɗaki ka kai wa likita. Da safe ta kwanta shiru minti goma, ka sa yatsu biyu a wuyan hannunta ka ƙirga bugun zuciya na minti ɗaya. Sannan ta tashi ta jingina kafaɗunta da bango, dugaduganta kamar taƙi guda daga bangon, ba motsi ba magana. Ka riƙa ƙirgawa duk bayan minti biyu har minti goma, kana rubutawa, kana tsaye kusa da ita, in jiri ya taso ta kwanta nan take. In bugun ya ƙaru da 30 ko fiye ya kuma tsaya a sama, wannan abu ne da likita zai iya taimakawa a kansa. Shi ne ma dalilin da ƙarin ruwa ke sa ta jin daɗi yini guda sannan abin ya dawo: ruwan gishiri ne ke ƙara cika jijiyoyin jini na ɗan lokaci. Maimakon a yi ta huda ta ana karɓar jikkunanka, ka tambayi likita ko za ta riƙa shan ruwa sosai da haɗin gishiri da suga irin na masu gudawa, matuƙar ba ta da hawan jini ko ciwon zuciya ko na ƙoda. Ciwon jiki da rashin barci ma ana rage su. Amma ka yi nesa da ita daga tramol da ƙwayoyin ƙiba na masu talla a faranti. Suna ba da ƙarfin aro, ta yi aikin da ya fi ƙarfinta, a ƙare da ciwo biyu.

Addu'a da rubutu ban hana ba, wa ya isa. Abin da ban yarda da shi ba shi ne ruƙiyyar da ake tsare mara lafiya awa uku ana ihu a kunnenta, ana turnuƙe ta da hayaƙi, ko a kai ga duka.

Za ta warke? Wani nazari na 2005 da ya tattara bincike da dama ya samu cewa a cikin manya waɗanda ciwon ya zaunar, kamar kashi 5 cikin 100 ne suka warke sarai, kusan kashi 40 kuma suka samu sauƙi. Akwai kuma kamar kashi ɗaya cikin huɗu da ciwon ke tsarewa a gida ko a gado. Ita tana shekarar farko, lokacin da aka fi samun masu farfaɗowa, shi ya sa nake matsa maka kada a tura ta.

Maganar ƙarin aure, halal ne, ba ni zan haramta maka ba. Amma ka tambayi kanka me kake nema. In hannun aiki ne, ɗauko wata ƴar uwa daga dangi ko biyan mai taya aiki bai kai kuɗin lefe ba. In ka kawo amarya yanzu, ranar girkin uwargida za ta zo ba ta iya tashi, gori ya fara, ita kuma ta yunƙura don kada a ce ta gaza, ta sake zubewa. Ka kuma sani in ka yi shi a matsayin horo ga wadda ba ta yi laifi ba, za ta gane, ƴaƴanka ma za su gane. Batun shimfiɗa da sake ɗaukar ciki, ku yi maganarsa ku biyu da sanyin murya, ku nemi shawarar ungozomar asibiti kan tazara.

Inna kuwa kai za ka fuskance ta, ba ɗiyar mutane ba. Kada ka ja da ita. Ka kira ta ranar da za ka yi gwajin bangon, ka ɗora yatsunta a hannun surukarta ta ji bugun da kanta, a kwance da a tsaye. In da hali ka tafi da ita wurin likita ta ji daga bakinsa. Ita maiɗakin taka kuma, ka faɗa mata da bakinka cewa ka yarda ba ta da lafiya. Na tabbata ta daɗe tana karanta shakkar nan a fuskarka.

Sai aikinta. Ka ce ta daina zuwa, ba ka ce an rubuta komai ba. Ka karɓi takardar hutun rashin lafiya daga likita ka kai wa shugaban lakkol ɗinsu da ofishin sufeto, ka riƙe kwafi, musamman in ƴar kwantaragi ce, kada a wayi gari an rubuta ta cikin waɗanda suka gudu daga aiki. Wannan ka yi shi cikin makon nan.